Fuskar Baba Tsoho a Cikin Tawada

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma a daminar bana kiran ya faɗo kan kakana na wajen uwa, wanda kaf zuri'armu muke ce wa Baba Tsoho. Ya cika da hantsi a asibiti, bayan jinyar da ba ta daɗe ba amma ta zabge shi sosai, aka kai shi makwanci bayan azahar ana yayyafi. Ni ce jikarsa ta fari, ni aka sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka tun ina tsumman goyo Uwata yake kirana, ni kuwa na riƙe muƙamin da hannu biyu. Babu wanda ya kai ni yi masa faɗa a gidan nan. Yanzu ga baki, ga faɗan, amma babu wanda zan yi wa.

Sana'arsa buga takardu ce. Yana da shago a bayan kasuwa da tsohon inji guda, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Kalandar biki, katin suna, fostar 'yan siyasa, takardar makarantar Islamiyya, duk wanda ya yi shekaru a Suleja da wuya a ce babu wata takarda a gidansa da ta bi ta hannun Baba. Waɗanda suka yi masa wanka sun fito suna cewa sun yi iya yinsu da sabulu, amma tawadar da ke ƙarƙashin faratansa ta ƙi fita. Liman ya ce a bar masa abarsa, ta hanyar halal ya same ta.

A zaman makoki na ga mutanen da ban san ya san su ba. Wata mai sayar da atamfa, baƙa ƙirin kyakkyawa, ta zauna cikin mata tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce duk garin nan shi kaɗai ya taɓa fito da ita a takarda har mijinta ya gane ta. Dariya ta kuɓuce wa mata, sai kuma kowacce ta kama bakinta don kunya. A waje, wani tsohon ɗan takarar kansila da suka taɓa yin kaca-kaca da Baba ya fi kowa jan carbi da jan majina. Maƙwabcinsa na shago kuwa, wani Bayarabe da aka haifa a Suleja, shi ma mai buga takardu, wanda muke kira Baba Maƙwabci, ya zauna a bakin tabarma tun safe har la'asar. Aka kawo masa abinci, ya buɗe, ya rufe, ya tura gefe.

Washegarin sadakar uku kakata, Inna, ta aika a kira ni ɗakinta. Ita ba ta faɗin sunana tunda na surukarta ne, Uwar Masu Gida take ce mini. Na same ta a kan darduma cikin kayan takaba, ta sa na jawo ƙofa.

"Uwar Masu Gida, fuskar Malam ta ɓace mini," ta ce. "Ina rufe ido sai in ga ta asibiti, kumatu sun faɗa, jiki ya yi toka-toka. Na yi ta neman ta dā, ta ƙi zuwa."

Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Mace ta yi rayuwarta duka tana kallon fuska ɗaya, sai 'yan makonnin jinya su zo su shafe mata ita. Ta ce ba ta neman komai sai hoto guda babba, wanda idonta mai yana zai iya gani, ta ajiye a ɗaki. Da kawuna, babban ɗansu da ke aiki a Abuja, ya ji labari, sai ya ce cikin ladabi ai addu'a mamaci yake buƙata, ba hoto ba. Inna ta ce addu'ar tasa ce kuma ba ta fasa ba, hoton kuwa nata ne.

Sai dai fa a nan matsalar take. Mutumin da ya buga fuskokin rabin gari, shi ba shi da hoton kirki. Baba Tsoho baƙi ne sosai, irin baƙin nan mai sheƙi, kuma ya yi imani babu mai ɗaukar hoton da ya iya da baƙin mutum. In ka ɗaga waya sai ya kare fuska da tafin hannu, ya ce wayoyin nan bilicin suke wa mutane ba tare da an roƙe su ba. Muka bincike wayoyin gidan kaf, muka samo tafin hannunsa iri-iri, da ƙeyarsa, da hotunan gadon asibiti waɗanda su ne Inna ke gudu. Abin da ya rage kawai wani tsohon hoto ne na ranar ɗaurin auren Kawu, maza sun jeru a inuwar katangar da ke kallon ƙofar gidanmu, fuskar Baba ba ta fi farcen babban yatsa ba. A hoton nan kowa ya san shi a murtuke. Mun tashi muna nuna wa juna shi muna cewa dubi Baba Tsoho zai cinye mai hoto ɗanye.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare da wannan hoto, bari in faɗi ko wane ne mai shi, don shi ne dalilin da na zauna rubutun nan.

Baba ba mai yawan karatun boko ba ne, ba kuma mai yawan magana ba, amma in aka taɓo tawada sai ka nemi wurin zama. Yana da ɗan gilashin ƙara girma a aljihun gaba, kullum. Ya sha ɗora mini shi a kan kalanda ya ce in leƙa, in ga fuskar mutum ta watse ta koma ɗige-ɗige ƙanana, wasu manya wasu kamar ƙwayar gero. Ya ce hoto a takarda ɗige ne kawai da farin da ke tsakaninsu. In tawada ta yi yawa, kowane ɗigo sai ya kumbura ya haɗe da na kusa da shi, farin ya toshe, ido da hanci da gira su nitse a abu ɗaya. In ta yi kaɗan kuma, baƙi ya koma toka, mutum ya fito kamar ya kwana yana zazzaɓi. Farin mutum, in ji shi, ko makaho ya buga shi zai fito, amma baƙin mutum tsakanin toshewa da kodewa tazarar ba ta fi kaurin gashi ba, kuma yawancin masu shigowa shagonsa baƙaƙe ne.

A saman injin akwai jerin 'yan ƙarafa da ake murɗawa, kowanne yana sakin tawada a layinsa na takarda. Kunnuwan inji yake ce musu. Yakan tsaya ya karkata kai yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman tasha a rediyo. In takarda ta fito ba ya duba ta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai ya fita da ita bakin ƙofa, ko da ana ruwa, ya ce ƙwai maƙaryaci ne. Masu dako da masu keke sun saba ganinsa tsaye a bakin shago ya ɗaga takarda sama yana tsuke baki, har in ba su gan shi ba su leƙo su tambayi lafiya.

Kwastoma kuwa kusan duk abu ɗaya suke so. A zuba tawada da yawa, abu ya yi rangaɗau, a san an yi aiki. Baba sai ya ce, "Tawada ba miya ba ce, da za a ce in ta yi yawa tuwo ya ji daɗi." Amare kuma akasin haka suke nema, a rage musu, a ɗan haska su. Su ma bai bar su ba. Yakan tambayi amarya ko ango bai taɓa ganinta da rana ba ne. Na sha gaya masa wannan bakin nasa zai kori jama'a, ya ce to Uwata, ya sunkuyar da kai kamar ya ji, washegari ya maimaita wa wata.

Abin bai tsaya a shago ba, har gida ya bi mu. In Inna ta sa kwalli ya yi kauri, sai ya ce an cika tawada a hagu. In shayi ya yi ruwa-ruwa, ya ce wannan bugun ya kode, a sake. Ranar da na fara shafa hoda mai yawa ina budurwa, kallo ɗaya ya yi mini ya ce wa Inna wace baƙuwa aka yi, kuma ina aka kai masa uwarsa. Na yi fushi na ƙi kai masa ruwan alwala. Da yamma sai ga shi da tsire a takarda, ya ajiye a gabana ya ce na bikon uwa ne. Na ci, amma ban fasa hodar ba, shi ma bai fasa maganar ba.

Rigimarsa da ɗan takarar kansilan nan ta samo asali ne daga babbar riga. Mutumin ya ɗinka riga mai aikin hannu tun daga wuya har ciki, ya ɗauki hoto da ita, ya ce yana son fosta wadda za a hango aikin rigar daga cikin mota. Rigar fara ce, shi kuma baƙi. Baba ya yi masa bayani cewa in aka ƙara tawada har zaren farar riga ya fito raɗau, to fuska za ta toshe, dole a zaɓi ɗaya. Mutumin ya ce shi duka biyun yake so, kuma ba shawara ya zo nema ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "rigar za a jefa wa ƙuri'a ko kai?"

Ɗan takara ya kwashi hotonsa a fusace, bai yi nisa ba, ƙofa ɗaya ya tsallaka ya shiga wajen Baba Maƙwabci. Shi kuwa mutum ne mai bin ran kwastoma, ya zuba masa tawada yadda yake so. Aka manna fostocin tun daga mahaɗar Diko har gindin dutsen Zuma. Riga ta fito, hula ta fito, a tsakaninsu kuwa babu komai sai haƙora. Bai ci zaɓen ba, ko da yake Baba da kansa ya ce kada a ɗora wa tawada laifin da ba nata ba.

Abin da ya ƙona wa Baba rai ba tafiyar kwastoma ba ce, a'a, ganin aikin ne a bango kullum in zai wuce. Ya shiga shagon maƙwabcin ya ce masa ya ci amanar sana'a, shi kuma ya ce ai abin da aka ce ya yi ya yi. Damina guda cur ba su yi wa juna magana ba. Ga shi kuwa janareta ɗaya suke amfani da shi, a tsakanin shagunan biyu yake. In mai ya kusa ƙarewa sai ka ji Baba ya fito ya fuskanci janareta ya ce a gaya wa mutanen can mai ya yi ƙasa. Can sai Baba Maƙwabci ya fito shi ma ya gaya wa janareta cewa an ji. Ni na yi faɗan, Inna ta aika saƙo, liman ya sa baki, duk a banza. Ranar da abin ya ƙare babu wanda ya ba wani haƙuri. Baba Maƙwabci ne ya shigo da wata takarda da ya buga, ya ajiye a teburin Baba ya tsaya. Baba ya ɗauka ya fita bakin ƙofa ya ɗaga, ya dawo ya ce a rage a dama. Shi ke nan, da azahar tare suka ci abinci.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai a zaman makoki, daga bakin wata mata da ta zo daga Tafa. Ta ce shekarun baya mahaifiyarta, tsohuwa mai mantuwa, ta fita daga gida ba a san inda ta nufa ba. Suka yi hoto-kwafin hotonta suka manna a tasha da bakin kasuwa, amma injin ya cika baƙi, abin da ya fito ɗankwali ne da dunƙulen duhu. Baba yana wucewa ya gani, ya ɓalle takardar daga bango, ya kira lambar da ke jiki ya ce su kawo masa ainihin hoton, don da wannan ko 'yar cikinta ba za ta gane ta ba. Ya ajiye aikin da ke kan inji ya buga nasu, har tsagar da ke kumatun tsohuwar ta fito. Wata mai gasa masara a bakin titi wajen Zuma ce ta gane tsagar, ashe tsohuwar tana kwana a rumfarta tana cewa gidansu take nema. Matar ta ce da suka koma godiya da kaji, Baba ya karɓi godiyar ya mayar da kajin, ya kuma yi musu faɗa a kan mai hoto-kwafin kamar su suka haife shi. A gida bai taɓa ba mu labarin nan ba. Ni da nake taƙamar na san shi ciki da waje, a gaban baƙi na ji, na fashe da kuka.

To, wannan mutumin ne muka rasa hotonsa.

Kawu, don ya faranta wa mahaifiyarsa, ya ɗauki tsohon hoton ɗaurin auren ya kai wani babban shago a Abuja. Suka cire Baba daga cikin jama'a suka ƙara masa girma, suka kuma yi abin da suka saba yi wa kowa, suka haska shi suka goge masa fata. Aka kawo shi cikin firam mai ruwan gwal. Inna ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙa wa Kawu ta ce Allah ya yi albarka, amma wannan baƙon ɗan gidan wa ne. Kawu ya koma ya ce a mayar masa da baƙinsa. Suka mayar har ya wuce, aka dawo da hula da riga da duhu a tsakani. Wannan Inna ba ta ma karɓa ba.

Ni ce na ɗauki ƙaramin hoton na tafi wajen Baba Maƙwabci. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ba zai buga a nasa injin ba, sai a na mai shi. Muka buɗe shagon Baba, wanda ba a taɓa ba tun da ya kwanta. Warin tawada da kananzir ya buge ni a ƙofa, sai da na dafa bango. Baba Maƙwabci ya sa aka yi farantin bugu, wato ƙarfen da ake ɗora hoto a kai a sa a inji, na fuskar kawai, baƙi da fari, ya ce launi sai ya ƙara mana wahala. Ya zaro takarda daga cikin wadda Baba ya bari, mai kauri marar sheƙi. Ranar Asabar da safe ya wanke injin, ya zuba tawada, ya yi bisimilla ya kunna.

Inna tana takaba, ba za ta fito shago ba, kuma ita kaɗai ce alƙaliyar wannan aiki. Saboda haka aka yi shawara duk takardar da muka ga ta yi, ni zan hau keke-napep in kai mata gida ta duba. Kawu ma ya zo, ya tsaya da hannu a aljihu.

Takardun farko duhu ne kawai. Baba Maƙwabci ya dinga murɗa kunnuwan yana ragewa, goshi ya fito, hanci ya fito, har aka zo wata da mu uku muka ce ta yi. Na riƙe ta a tafin hannu na hau keke. Ranar kasuwa ta cika, cunkoson motoci ya riƙe mu a hanya. Na shiga da murnata na miƙa wa Inna. Ta duba sau ɗaya. Ta kife takardar a kan darduma ta ce wannan ai na asibiti ne, shi ta ce mini ba ta so.

Na koma shago. Kawu ya ce shi dama ya san za a yi haka, baƙin ciki ne da yanar ido, ko me aka kai mata ba za ta gamsu ba, gara a haƙura. Na ji haushin maganar, amma ni ma da idona na ga takardar ta yi kyau. Na jefa ta kan tebur kusa da 'yar'uwarta da ta fito daga inji yanzu-yanzu. Sai muka ga bambanci. Faranti ɗaya, saiti ɗaya, amma wadda ta je gida ta dawo ta yi toka-toka, sabuwar kuwa baƙinta na nan da ƙarfinsa.

Baba Maƙwabci ya dafe kai. Ya ce laifinsa ne, sauri ya yi. Shi ya saba da takarda mai sheƙi wadda tawada ke zama a samanta, ta Baba kuwa shan tawada take, ɗanyen bugu yakan yi duhu, in ya bushe sai ya sauka. Mu muna yanke hukunci a kan ɗanye, Inna kuma busasshe take gani. Ya nuna mini wani benci a bakin ƙofa ya ce a nan Baba yake zama ya sha shayi duk lokacin da ya fitar da takardun farko, inji a kashe, kwastoma na tsaki.

"Shekara da shekaru ina ce masa malalaci," ya ce. "Ashe jira yake ta bushe. Bai taɓa gaya mini ba, mugun tsoho."

Ya faɗi haka yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya koma kan inji. Yanzu aikin ya zama a buga abin da ido zai ce ya yi duhu, amma ba duhun da zai toshe ɗigon ba. Ya taɓa kunnuwan da ke daidai layin fuska kaɗan-kaɗan, ya bar na gefe. Ya ɗauki gilashin Baba daga aljihun tebur yana leƙa ƙasan ido da gefen baki, yana tabbatar da farin da ke tsakanin ɗigon bai rufe ba. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini. Na ce masa wannan ta yi baƙi da yawa. Ya ce in tafi kawai, hanya za ta gyara.

A cikin keke na ɗora ta a cinya ina kare ta daga yayyafi da mayafina. Ban iya ɗauke ido daga kanta ba. A hankali sheƙin ɗanyen ya kwanta, inuwar da ke ƙarƙashin hula ta saki, sai ga ƙwayar ido, sai ga wasu 'yan layuka a gefen idon da ban taɓa lura da su a ƙaramin hoton ba. Baƙin na nan, nasa na gaske, mai lafiya. Na san in wannan ma ba ta yi ba, ba ni da sauran abin da zan kawo mata.

Na same ta inda na bar ta. Ta ce in buɗe labule. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta kai kusa da fuska, ta ɗan janye, ta sake kawowa. Ta daɗe har na fara shirin ba ta haƙuri. Sai na ji wani ɗan sauti ya fito daga hancinta, na ɗauka kuka ne. Dariya ce.

"Dubi bakinsa," ta ce. "Dubi yadda ya cije leɓe."

Na duba. Gefen bakin ya ɗan lotsa ciki, kumatu sun taso, idon kuma ba mai hoto yake kallo ba, ya ɗan kauce sama da kafaɗarsa. Mutumin da muka yi shekaru muna cewa ya murtuke, ashe dariya yake dannewa da iya ƙarfinsa.

Inna ta ce ranar tana tsaye a cikin zaure, bayan mai hoton, ta leƙo ta gefen asabari. Ta ga Malam ya ƙame ya turo ƙirji wai shi uban ango, sai ita ma ta ƙame ta turo nata, ta kumbura kumatu tana kwaikwayonsa, babu wanda ya gan ta sai shi. Ta ce da dare ya yi ya ce mata saura ƙiris ta kunyata shi a gaban surukai, kuma shi da ita ba su taɓa gaya wa kowa ba.

"Ni yake kallo," ta ce. Ta shafa gefen takardar da yatsa, a hankali, ba ta taɓa fuskar ba. "Ki kira maƙwabci ki ce ya kashe injin, kada ya ƙara ko ya rage."

Na fita tsakar gida na kira shi. Ina jin ƙarar injin ta cikin waya, sannan ta tsaya. Da na dawo ɗaki na tarar ta jingina takardar da bango a gabanta, ta rufe ido, tana murmushi. Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba. Can ta ce, ba tare da ta buɗe idon ba, yanzu ko ta rufe tana ganinsa.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Allah ya ba Inna haƙurin rashinsa, ya bar mata fuskar nan har ranar da za su haɗu.